Lungun da na keɓe wa kaina

A gidan Bahaushe kusan kowa na da inda yake tserewa idan hayaniya ta ishe shi. Maigida yana da zaure, yana da turaka in gidan na masu hali ne, ga masallacin unguwa sau biyar a yini, ga majalisa bayan la'asar. Samari suna da shagonsu a ƙofar gida. Tsohuwa tana da ɗakinta da ba mai faɗa mata sai da sallama. Matar gida ce kaɗai ɗakinta ya zama na jama'a. Nan yara ke kwana, nan baƙi mata ke sauka, nan ake zuwa neman allura da zare, da cajar waya, da maganin zazzaɓi, da canjin cefane. Ko banɗaki ta shiga, sai an sami mai tsayawa a bakin ƙofa yana "Mama, Mama".

Ni malamar firamare ce a cikin birnin Katsina. Muna zaune a Rafindaɗi, ni da maigidana da yaranmu da mahaifiyarsa, Hajiya. Da safe ina gaban aji cike da yara, kowa da tasa buƙatar, in na dawo gida kuma wani ajin nake tararwa. Na daɗe ina jin kaina kamar tukunyar gidan biki, kowa ya zo da ludayinsa ya ɗiba, ba mai leƙawa ya ga ko saura ƙanzo. Ina son mutanen nan, kuma na yi imani hidimarsu ibada ce. Amma sallata kanta ta koma ta mai sauri. Ina tahiya kunnena na kan tukunya, ina sujada auta ya hau bayana, in na sallame da ƙyar nake tuna surar da na karanta.

Abin ya tsananta a Disambar 2020, lokacin da aka sace ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Duk mai koyarwa a jihar nan ya san abin da ya ji a ransa a makon nan. Ina da dangi ta wajen Batsari da Safana, dama tun kafin nan ba mu rabu da mugun labari ba. Waya ta zama abin tsoro, kuma ba ta ajiyuwa: saƙon murya a WhatsApp, hoton da bai kamata ido ya gani ba, jita-jita, ƙaryatawa, sai kuma wata sabuwa ta ɓullo. Barci ya ƙaurace mini. Da na je asibiti aka auna ni aka ce jinina ya hau, ma'aikaciyar jinyar ta dube ni ta ce, "Malama, a yini yaushe kike zama ke kaɗai?" Na yi shiru, don babu.

A Islamiyyar matan aure da nake zuwa Asabar da Lahadi na ji abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa. Malama ta karanta mana hadisin Itbanu ɗan Maliku, sahabi mutumin Madina da ke yi wa mutanensa limanci. Idonsa ya yi rauni, kuma in an yi ruwa, kwarin da ke tsakaninsa da masallacinsu yakan cika har ya kasa ƙetarawa. Sai ya roƙi Manzon Allah (SAW) ya zo gidansa ya yi salla a wani wuri, don ya riƙe wurin nan ya zama wurin sallarsa. Annabi ya zo da hantsi tare da Sayyidina Abubakar, bai ko zauna ba ya tambaye shi ina yake so a yi sallar. Itbanu ya nuna wani gefe na ɗakin, aka yi raka'a biyu a nan. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Tambayar nan ce ta tsaya mini a rai. Ba a ce masa ai ƙasa duka wurin salla ce, me kake nema da wani lungu ba. An tako har gidansa, an bar shi ya nuna da hannunsa. Malama ta haɗa mana da hadisin da ya ce mu sanya wani rabo na sallolinmu a gidajenmu, kada mu mayar da su kamar maƙabarta. Na koma gida ranar nan ina duba kowace kusurwa.

Akwai wani ɗan sito a bayan kicin ɗinmu, faɗinsa bai wuce a shimfiɗa tabarma biyu ba, da 'yar taga da ke kallon bishiyar bedin maƙwabta. Da daddare bayan an ci tuwo na ce wa maigidan, "Malam, siton nan na baya, ina so ka bar mini shi."

"Me za ki sayar a ciki?" in ji shi.

"Ba sana'a ba ce. Wurin zama nake so."

Ya ɗan jima yana kallona, sannan ya ce, "To, Allah ya sa albarka." Na san bai gane ba a lokacin, amma bai hana ni ba, kuma ina gode masa har gobe.

Abin da na fitar daga ciki ya cika tsakar gida: buhun gero da ƙwari suka cinye rabinsa, kan keken ɗinki da ya yi tsatsa, fitilar ƙwai marar ƙwai, kwanukan samira na aurena, takalman yara da suka yi musu kaɗan, saƙar gizo ta ko'ina, da kunama ɗaya a ƙarƙashin buhun. Na share, na wanke simintin, na toshe ramin ɓera, na shafe bangon da farar ƙasa. Ina cikin aikin Hajiya ta fito da sandarta ta tsaya.

"Ɗiyata, mi kike nema cikin wanga tarkace?"

Na durƙusa na gaya mata. Ba ta ce komai ba, ta koma ɗakinta, na ji ƙarar murfin adaka. Ta fito da wani abu a naɗe cikin tsohon zane.

"Wanga buzun Malam ne, Allah jiƙan shi. Shekara da shekaru bisa shi yake lazimi. Zamanshi cikin adaka ba ya ƙara mai komi. Amshi."

Na karɓa da hannu biyu, na ce Allah ya jiƙan Baba. Fatar rago ce fara da ɗigon baƙi a gefe guda. Gashin tsakiyarta duk ya tsige, fatar ta yi sumul tana sheƙi inda ya riƙa zama, ta gefen dama kuma akwai wurin da ya fi ko'ina lallausa, inda ƙafarsa ke naɗewa. Har yanzu tana da ɗan warin tsohon turare. Ban taɓa ganin surukin nan nawa ba, ya rasu kafin aurenmu, amma duk lokacin da na zauna a kai nakan yi masa addu'a.

Sai batun alƙibla. Mun saba cewa a fuskanci gabas, amma daga Katsina Makka ba gabas tsantsa take ba, ta karkata arewa, wajen digiri 70 in an ƙirga daga arewa. Bangon siton bai yi daidai da ita ba. Maigidana ya auna da wayarsa, ya gwada da yadda sahun masallacin unguwa yake, ya ja mini layi da alli a ƙasa. Don haka dardumata a ɗan karkace take zaune, kuma haka za ta zauna.

Abin da ke ciki yau ba shi da yawa. Tabarmar kaba da na saya a kasuwar 'Yar Kutungu, darduma, buzun nan, Alƙur'ani a kan ɗan katako, carbi a jikin ƙusa, littafin rubutu irin na ɗalibaina da biro, ƙaramin tulu da moɗa, sai kasko. Ina ganin hotunan da ake yaɗawa na wuraren salla da aka ƙawata da fitilu masu launi, da furannin roba, da rubutun zinare a bango, har da farashi a ƙasa. Ban ce haram ba ne, amma ban yarda da su ba. Na farko, suna sa mace marar hali ta ga kamar abin na masu kuɗi ne. Na biyu, ido mai yawo ne, abin da ka kafa masa shi zai bi. Nana A'isha tana da wani labule mai zane da ta rufe gefen ɗakinta da shi, Annabi (SAW) ya ce ta kawar da shi don zanensa yana gitta masa a cikin salla. In zanen labule ya kai a ce a ɗauke shi daga gaban Fiyayyen Halitta, ni wace ce da zan jera wa kaina abin kallo? Farin bango ya ishe ni.

Waya ba ta shiga. Akwai ƙusa a wajen ƙofar da na rataya wata 'yar jaka, nan nake jefa ta. Ƙawayena sukan ce ai akwai Alƙur'ani a waya, akwai karatun manyan alarammomi, akwai azkar. Gaskiya ne. Amma a saman ayar da kike karantawa saƙo zai faɗo, kuma ba kowace zuciya ke iya ƙyale shi ba. Tawa ba ta iyawa. Da a ce mutum abu ɗaya zai ɗauka daga maganar nan tawa, to ya ɗauki na ƙusar nan.

Turaren wuta ina son shi, musamman mai kajiji, don hancina ya riga ya saba, da na ji shi sai jikina ya saki. Sai dai a nan ina roƙon 'yan'uwa mata a yi hattara. Gawayi mai ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba da ba ta da wari ba ta da launi, mutum zai ji ciwon kai da kasala da barci, daga nan sai abin da Allah ya yi. A hunturu aka fi samun wannan, lokacin da ake rufe ƙofa da taga a kwana da kasko. Ni a waje nake hura garwashin, in turara ɗakin taga a buɗe, in fitar da kaskon kafin in zauna. Mai asma kuma ya haƙura da hayaƙi gaba ɗaya.

Samun ɗakin shi ne mai sauƙin. Lokaci ne aiki. Tsakanin magariba da isha'i da wasu ke yabawa, a gidana lokacin kwasar tuwo ne da rabon faɗan yara. Abin da ya zauna mini shi ne daga kiran assalatu na farko zuwa ketowar alfijir, lokacin da ladanan unguwa ke amsa wa juna ɗaya bayan ɗaya, gida kuma kowa na barci. Sai kuma bayan la'asar daga Asabar zuwa Laraba, da zarar yara sun ɗauki allunansu sun fita. Alhamis da Juma'a babu makaranta, don haka babu ni a sito da yamma, kuma na daina jin haushin hakan.

In na shiga, nakan fara da nafila, sai karatu ko da shafi biyu ne, a hankali, ina jin muryata. Sai azkar. Ban shiga zancen wane ɗan ɗariƙa ne wane ɗan Izala ne ba, a danginmu akwai kowa, kuma ban ga wanda ya yi jayayya da aya ta 28 a Suratur Ra'ad ba, cewa da ambaton Allah zukata ke natsuwa. Bayan nan sai abin da ya fi ba ni wuya da farko, wato in zauna kawai. Ba carbi, ba karatu. In ja numfashi a hankali in sake shi a hankali har bugun ƙirjina ya lafa. A nan abubuwan da na danne a yini suke tasowa: maganar da wata abokiyar aiki ta yaɓa mini, tsawar da na yi wa yaro alhali ba shi ya ɓata mini rai ba, bashin mai kayan miya, ƙanena da ke bin hanyar Jibiya kullum. Ina rubuta su a littafin nan, gajere-gajere. Wanda nake da hakkin wani a ciki, in sa alama in nemi afuwa. Wanda ya fi ƙarfina, in ɗaga hannu in miƙa shi ga Mai shi. A ƙasan shafin kuma in rubuta abin godiya na ranar, ko da ruwan famfo ne da ya zo. Akwai ranar da kuka kawai nake yi, kuma na gano cewa mace tana buƙatar inda za ta yi kuka ba tare da an taru a kanta ana tambayar wa ya mutu ba.

Jiki ma yana da rabonsa a ɗakin. A hunturu, lokacin da iskar Katsina ke tsaga leɓe da dunduniya, nan nake zama in shafa man kaɗanya a faso, in sha shayi mai citta da kanumfari yana da zafinsa, ba wanda ya huce a gefen murhu ba. Wata ranar in ƙunsa lalle. A bazara kuwa, in zafi ya haura digiri 40, kwanon siton yakan gasa mutum da rana, sai in yayyafa wa simintin ruwa in jira yamma ta yi sanyi. Da can ina ganin irin wannan kula da kai kamar son jiki ne. Amma Salmanul Farisi ya tarar da Abud Darda'i ya duƙufa azumi da tsayuwar dare har ya yi watsi da kansa da iyalinsa, ya ce masa Ubangijinka yana da hakki a kanka, kanka yana da hakki a kanka, iyalinka suna da hakki a kanka, ka ba kowane mai hakki hakkinsa. Da aka kai maganar gaban Annabi (SAW) ya ce Salmanu ya yi gaskiya. Mu mata mun riƙe na farko da na uku, na tsakiyar muke yarwa.

Yara sun ɗauki lokaci kafin su saba. Na tara su na gaya musu cewa in sun ga takalmana a ƙofar sito, abu uku ne kawai ke sa a buga: wuta, ko jini, ko Hajiya ta kira. Auta ya sha zama a bakin ƙofa yana zura yatsunsa ta ƙasa. Zuciyata takan karye, amma na daure, don na lura Maman da ke fitowa daga ciki ta fi wadda ta shiga haƙuri da su nesa ba kusa ba. Su ma sun lura.

Na waje ne suka fi ba ni mamaki. Wata ta ce na zama waliyyiya, wata ta ce na shiga halwa, wata ta ja Hajiya gefe ta ce a bincika ko mutanen ɓoye ne, don zaman kaɗaici ba alheri ba ne ga mace. Abin ya yi mini ciwo. Garin nan muna alfahari da Hasumiyar Gobarau da ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye, muna yi wa Katsina kirari da garin Ɗanmarna, muna ambaton Ɗanmasani da ya rasu a 1667, ga unguwar Masanawa har yau. Malaman nan ba a tsakiyar kasuwa suka tara abin da suka tara ba, sun rufe ƙofa sun zauna da littafi da Ubangijinsu. Kafin wahayi ya sauka, Annabi (SAW) yakan ɗauki guzuri ya keɓe a kogon Hira kwanaki. Alƙur'ani a Suratu Ali Imrana aya ta 37 ya ba mu labarin Nana Maryamu a wurin ibadarta, inda Annabi Zakariyya ke shiga ya tarar da abinci a wurinta. Mace ce, kuma wurin nata ne. To me ya sa rabin awar matar Rafindaɗi a bayan kicin ya zama abin bincike? Hajiya ce ta kashe maganar. Ta ce wa matar, "Ɗiyata salla take. Ke kuma mi kike?"

Ba na so a ɗauki maganata fiye da inda ta tsaya. Lungun nan bai maye wa namiji gurbin jam'i a masallaci ba. Bai zama dalilin ƙaurace wa zumunci, ko suna, ko gaisuwar mutuwa ba. Kuma ba asibiti ba ne. Ina shan maganin hawan jinina yadda likita ya rubuta, ina zuwa awo. Wanda ya kai mako biyu ko fiye komai ya fita ransa, ba barci ko barci ya yi yawa, ba ya son abinci, yana jin ba shi da amfani, ko tunanin halaka kansa yana zo masa, wannan alamun ciwon damuwa ne, ciwo ne kamar kowane ciwo, ba raunin imani ba. Ya je ya ga likita, ya haɗa da addu'a. Irin wannan mutumin ma ba a barin sa shi kaɗai a rufaffen ɗaki.

Na san kuma ba kowa ke da sito ba. Ƙanwata tana aure a Daura, ba nisa da rijiyar Kusugu, a gidan haya ɗaki ɗaya, su da yara. Da na ba ta labari sai ta ce, "Yaya, ni ina zan sami lungu? Ko akwati sai a kan akwati." Muka zauna muka duba ɗakin tare. A bayan ƙofa akwai fili daidai tsawon darduma. Ta kafa ƙusa biyu, ta ɗaura igiya, tana rataya zane in za ta zauna, in ta gama ta yaye. Ta ware darduma ɗaya da ba a shimfiɗa wa baƙi, ba a kwantar da jariri a kai, tana naɗe ta da carbi a ciki ta ɗora saman akwati. Matsalarta ba wuri ba ce yanzu, goyo ne, don jaririyar ba ta yarda da kowa. Na yi wa mijinta magana da kaina, na ce, "Ƙanena, in ka dawo daga asuba, ka karɓi 'yar nan ka fita da ita ƙofar gida ko na minti ashirin ne." Ya ce maza za su yi masa dariya. Na ce masa Malam ma yanzu da kansa yake jan auta zuwa zaure in ya ga takalmana a ƙofar sito, kuma ba abin da ya ragu a jikinsa. Ya ce zai gwada. In mun je Daura hawan salla zan kai mata tabarma da ƙaramin tulu, in kuma tambaye shi ina aka kwana.